Maigida ya ce sai na yi mashi wata uku kafin in bar aiki, alhali ko takarda ɗaya ba mu taɓa rubutawa ba

Nasiru Mabera: Salamu alaikum jama'ar gidan nan. Don Allah shawara nike nema, musamman ga waɗanda sunka san doka ko sunka taɓa shiga irin wanga hali. Ina aiki ga wani Alhaji mai dilancin kayan masarufi nan wajen Sabuwar Kasuwa, ni ka rubuta rasit, ni ka riƙon littafin sito da makulli, kuma ni ka lissafin yaran da ka kai kaya shaguna. Shekara biyu da 'yan watanni ke nan. Kawuna ne yak kai ni wajenai, ba wata takarda da munka yi, gaisawa kawai anka yi yac ce in zo ran Litinin. Albashi dubu 50, sai dubu 10 na abinci da kabu-kabu. To Allah ya kawo min aikin akawu a wani asibitin kuɗi, sun ce in hwara 5 ga Mayu. Ran Litinin da ta wuce, 7 ga Afrilu, bayan la'asar na same shi na gaya mashi, sai yac ce bai yarda ba, sai na yi wata uku ya samu wanda zan koya ma aiki, in ko na tahi kafin nan to in manta da albashin watan ga. Yau sati guda ke nan ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Tunda ba kwantiragi a rubuce, kwana nawa ne ya wajaba a kaina? Ko in aje mashi makulli kawai in yi gaba?

Ɗan Gobir: Wa alaikumus salam. Ba takarda ba magana malam. Ka jira alat ya shigo ƙarshen wata, washegari ka kashe waya. Wata uku sai ka ce mai takaba, ita ma dai wata huɗu da kwana goma ne an gama

Baba Alu Tsohuwar Kasuwa: Kai Bagobiri ji tsoron Allah, mi ka kai ka ba yaro wagga shawara? Makullin sito na hannunai hwa. Ya kashe waya ya ɓace, gobe a ce katan hamsin na madara sun ɓace tare da shi, wa za shi wanke shi? Nasiru ɗana, mu abin da munka taras a kasuwa, mai albashin wata notis ɗin wata guda ya ka badawa. Wata ukku dai son rai na, amma ka ba shi wata guda ku rabu lahiya.

Nasiru Mabera: Baba in na ba shi wata guda daga yau ai ya kai 14 ga Mayu, can kuma sun ce 5 ga wata, in ban zo ba akwai mutum biyu a layi. Shi ya sa nike son in san ainihin abin da ke kaina, ba abin da aka saba ba.

Barista Hadiza: Wa alaikumus salam. Nasiru kar ka bi ta Ɗan Gobir, zai kai ka ya baro. Abu na farko, rashin takarda ba ya nufin babu kwantiragi. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda asalinta ta 1974 ce kuma tana cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta ce yarjejeniyar aiki ko da baki aka yi ta ko a rubuce duk yarjejeniya ce. Kana zuwa, yana biyanka, shi ke nan an ƙulla. Kuma laifin rashin takardar ma ba naka ba ne, sashe na 7 mai ɗaukar aiki ya ɗora wa nauyin ya ba ma'aikaci bayanin sharuɗɗan aiki a rubuce kafin a wuce wata uku da farawa, har da tsawon notis a ciki. Bai yi ba. To idan ba a yi wani sharaɗi ba sai a koma sashe na 11, shi kuma da daɗewarka a aikin yake lissafi. Wanda bai wuce wata uku ba, kwana ɗaya. Wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, sati ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, sati biyu. Shekara biyar zuwa sama, wata ɗaya. Kuma wannan ma'aunin kan ku biyu yake, da kai in za ka tafi, da shi in zai sallame ka. Yanzu ka faɗa min takamaimai, yaushe ka fara?

Nasiru Mabera: Anti wallahi ranar ce ban riƙe ba. Na dai san lokacin wahalar kuɗi ne da anka canza Naira, ana kwana a layin ATM, kafin zaɓe. Azumi uku na yi a shagon in an haɗa da wanda munka gama yanzu.

Barista Hadiza: Azumi uku ba hujja ba ce, kotu da kalandar Bature take ƙirga, kuma shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da wajen kwana goma sha ɗaya, mutum zai iya yin azumi uku a wuri bai cika shekara biyu da rabi ba, kai har bai cika biyu ba ma in ya shigo ana tsakiyar azumi. Ka duba wayarka. Albashin farko a hannu ya ba ka ko tiransifa?

Nasiru Mabera: Allahu Akbar, tiransifa ce! Don lokacin ko Alhaji bai da tsabar kuɗi, na tuna har sau uku yana turawa tana dawowa saboda netwok, muna tsaye bakin sito da magariba ana kashe janareto. Bari in duba. Na gani, 28 ga Fabrairu 2023. Kuma ga saƙon kawu a WhatsApp na 5 ga Fabrairu, ya ce gobe ka je da sassafe kar ka ba ni kunya. Ke nan 6 ga Fabrairu 2023 na hwara.

Barista Hadiza: Madalla. Ka yi wa duka biyun hoto ka adana a imel, kar waya ta faɗa ruwa. Shekara biyu da wata biyu ke nan, notis ɗinka sati biyu ne.

Ɗan Gobir: To ai shi ke nan ma, tunda ya gaya mashi tun 7 ga wata, 21 ga wata ya gama. Nasiru ka ga hutun sati biyu kyauta kafin sabon aiki, ka je Argungu ka ci kifi

Barista Hadiza: A'a, nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Dokar ta ce duk notis da ya kai sati ɗaya ko fiye sai ya zama a rubuce. Abin da Nasiru ya yi ran 7 ga wata hira ce bayan la'asar, in Alhaji ya ce bai ji ba, ko ya ce shawara ce kawai yaron ya kawo, ba ka da abin nunawa. Sannan ranar da ka miƙa takardar ba ta shiga lissafi, washegari ake fara ƙirga. In ka kai gobe Talata 15 ga Afrilu, 16 ce rana ta ɗaya, sati biyu ya cika Talata 29. Ni da ni ce sai in rubuta cewa ranar ƙarshe ita ce 30 ga Afrilu, wata ya cika cif, babu maganar a yanke kwana ɗaya a albashi, kuma ka ba shi fiye da abin da doka ta nema.

Usman Gawon Nama: Tambaya Barista. Ni na san irin waɗannan masu gidan, zai ce wata ukun farko gwaji ne ba aiki ba, kar a sa su a lissafi. Nawa haka ya ce min.

Barista Hadiza: Gwajin da ake biyan albashi ai aiki ne, a fahimtata daga ranar da ka fara ake ƙirgawa. Amma ka lura da abin dariyar, in Alhajin Nasiru ya ce a cire wata uku, to ya koma shekara ɗaya da wata goma sha ɗaya, notis ya dawo sati ɗaya. Kansa zai yi wa. Wannan dabarar tana yi musu amfani ne in su ne masu korar, don su rage abin da za su biya.

Baba Alu Tsohuwar Kasuwa: Barista ban ƙi taki ba, ke kika karanta. Amma ni shekara talatin da wani abu ina kasuwa, ban taɓa ganin wanda yaz zo da sashe na kaza ya rabu da maigidanai da daɗi ba. Sakkwato ƙarama ta. Wanga Alhaji gobe shi za a tambaya halin yaron in ya tashi neman aure, ko in asibitin sunka ce ya kawo mai tsaya mashi. Kuma ku tuna da kawun da yak kai shi, shi ad da kunya a wuya. Mutum biyu sunka ƙulla abu da baki bisa mutunci, to da mutunci za a kwance shi. Ka ɗauki kawunka ku tahi gidanai da dare bayan isha'i, ba shago ba inda yara ka kallo, don babba bai son a ƙure shi gaban yaranai.

Malam Sani Gidan Igwai: Maganar Baba da ta Barista ba su ci karo ba ai. A Musulunci wannan ijara ce, kuma musulmi suna kan sharuɗɗan da suka ƙulla. Abin tambaya shi ne, ranar da aka kai ka an yi sharaɗin wata uku? In an yi ka amsa, to ka cika ko ka nemi ya yafe maka. In ba a yi ba, ba shi da ikon ƙirƙiro shi yau. Batun riƙe albashi kuwa babu shi ko kaɗan, hadisi ya zo a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. Kuma rubutu ba rashin yarda ba ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Mu ne dai muke jin nauyi, sai an ɓata a zo ana rantse-rantse.

Barista Hadiza: Malam ya taɓo wurin da ni ma zan tambaya. In da a ranar farko an yi magana da baki cewa duk mai son rabuwa zai ba da wata uku, kuma akwai shaida, to Alhaji na da abin riƙewa, don alƙali na girmama abin da mutane suka amince a tsakaninsu. Nasiru kira kawu ka tambaye shi me aka ce a zaman.

Nasiru Mabera: Na kira shi yanzu. Ya ce abu uku Alhaji ya faɗa, in riƙe amana, in riƙa zuwa kafin takwas, kuma ba ya son latse-latsen waya lokacin aiki. Ya ce ko kalmar notis ba ta fito ba, kuma a shirye yake ya maimaita gaban kowa. Har faɗa ya yi min don ban gaya mashi tun farko ba.

Sadiya Data: Assalamu alaikum masu buƙatar data mai sauƙi duk layuka akwai, a yi min magana ta inbox

Admin Bashar: Sadiya wannan gargaɗi na biyu ke nan. Talla ran Juma'a kawai. A ci gaba.

Malama Inno: Ni wannan zancen ya tono min ciwo. Shekara huɗu na koyar a wata makarantar kuɗi a nan cikin gari, ba takardar ɗauka, sai dai sunana a littafin sa hannu na safe. Da zan tafi na ba da wata guda a rubuce, mai makarantar ta ce ai malami zangon karatu guda yake bayarwa, wai haka ake yi ko'ina, ta riƙe min albashin wata biyu har da na hutun Agusta da na riga na yi wahalarsa, ni na yi makin jarabawar aji uku na cike katin sakamako sama da ɗari da hannuna ina da tsohon ciki. Na yi ta zarya har na gaji na bar wa Allah. Barista ke nan sati biyu ne kawai ke kaina ban sani ba?

Barista Hadiza: Allah ya saka miki Malama. Amma naki ya ɗan bambanta, kuma gara in faɗa don kar kowa ya ɗauki wancan lissafin ya ce na kowa ne. Sashe na 91 ya taƙaita wanda dokar ke kira ma'aikaci ga masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu. Ta fitar da masu aikin gudanarwa, da shugabanni, da masu aikin fasaha ko na ƙwarewa, har da 'yan gidan mai aikin. Nasiru mai rasit da littafin sito ne, ya shiga. Manaja, injiniya, likita, ba su shiga ba, malamin makaranta ma lauyan ɗaya ɓangaren zai ce aikin ƙwarewa ne. Irin waɗannan in babu takarda sai a koma ga abin da alƙali ya ga ya dace, ya duba matsayin mutum, da daɗewarsa, da yadda ake biyansa, da abin da aka saba a wannan sana'ar. Mai albashin wata galibi wata guda ake kallo, ka ga maganar Baba Alu ba daga iska ta zo ba. Ke kin ba da wata guda a rubuce, kin yi abin da ya kamata. Kuma ko notis ɗinki ya gaza, wannan bai halatta mata cinye kuɗin aikin da kika riga kika yi ba.

Baba Alu Tsohuwar Kasuwa: To kun ji, ashe tsoho bai yi ƙarya ba.

Lawali Kwannawa: Ni nawa juyin na Nasiru ne. Shekara shida ina ba da mai a wani gidan mai, rannan da safe na zo na sa yunifom manaja ya ce in cire, wai an samu shot a famfona, ko awo ba a yi gabana ba. Ba notis ba komai, kuma suka cire dubu 18 a albashina na ƙarshe. Wata biyu ke nan.

Barista Hadiza: Lawali shekara shida wata guda ne haƙƙinka, ko su bar ka ka yi shi ko su biya ka kuɗinsa a madadi. Sai dai doka ta bar ƙofa, in ma'aikaci ya yi babban laifi kamar sata ana iya sallamarsa nan take, amma faɗa da baki ba ya isa, in an je gaba sai sun nuna. Cire kuɗi kuma, sashe na 5 ya hana tara a albashi, asarar da ake cewa ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci ma sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce kafin a cire. Ka fara da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke nan jihar, suna kiran ɓangare biyu a zauna, ba sai da lauya ba. In abin ya ƙi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin rigimar aiki, tana da reshe a nan Sakkwato. Kar ka bari ya daɗe.

Ɗan Gobir: Kotu a kan dubu 18? Kuɗin kabu-kabu na zarya sai ya cinye su

Lawali Kwannawa: Ba 18 kaɗai ba ne ai, da albashin wata guda. Kuma ni sunan ɓarawon da aka liƙa min ya fi ci min rai, unguwarmu kowa ya ji.

Usman Gawon Nama: Barista wannan kuɗin madadin notis ɗin yaya ake lissafa shi? A ce Nasiru ya ga ba zai iya jiran sati biyun ba.

Barista Hadiza: Doka ta yarda ɗayanku ya yafe notis ko ya karɓi kuɗi a madadinsa. Kuma tsurar albashi ake lissafawa, ban da obataim da alawus. Na Nasiru dubu 50 ne, dubu goman abinci da kabu-kabu ba ta ciki. Kwana 14 cikin 30 ya kama dubu 23 da ɗari uku da 'yan kai, wasu su ce a raba biyu kawai dubu 25. To ka ga ko da ya tafi yau ba sallama, iyakar abin da Alhaji zai nema ke nan, ba albashin wata sukutum ba, balle wata uku. In kuwa ya cika notis, sashe na 11 ɗin ya ce a biya shi duk kuɗinsa kafin wa'adin ya ƙare ko a ranar.

Baba Alu Tsohuwar Kasuwa: Allah sarki yaran kasuwa da ba su da albashi sam, shekara bakwai takwas suna bauta suna jiran a sallame su da jari. Su wane sashe za a karanta musu? Na ga wanda anka kora saura wata huɗu a yaye shi. Wannan sai shugabannin kasuwa, su ma in maigidan na jin kunyarsu.

Nasiru Mabera: Anti mi zan rubuta a takardar? Turancina na rasit ne.

Barista Hadiza: Rubuta da Hausa ma ya yi, layi biyar ya isa. Kwanan wata a sama, sunansa, sannan ka ce kana sanar da shi za ka ajiye aiki, ka fara 6 ga Fabrairu 2023, ranarka ta ƙarshe 30 ga Afrilu 2025, kana roƙon a ƙirga kayan sito a gabanka kafin ranar ka miƙa makulli da littafi, ka gode masa, ka sa hannu. Kar ka sa sashe ko ɗaya a ciki, kar ka ambaci kotu, a nan ina tare da Baba. Kwafi biyu, ya sa hannu a ɗaya ka riƙe. In ya ƙi, ka ɗauki hotonta ka tura masa ta WhatsApp a ranar. Ƙirgar sito ɗin nan kar ka yi wasa da ita, ta fi notis ɗin ma muhimmanci a wurinka.

Nasiru Mabera: Jama'a mun je jiya Talata bayan isha'i ni da kawu. Ya bar mu a zaure kusan minti arba'in, sannan ya fito da carbi a hannu. Kawu ya yi magana, ni ban ce uffan ba sai da anka tambaye ni. Ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya ya ce yaushe na zama ɗan boko, ya ƙi sa hannu, ya miƙa ma ɗanai ya ce ya aje. Muna fita na tura mashi hoton, kafin mu kai titi ya yi shuɗi. Bai ce ya yarda ba bai ce bai yarda ba, amma yau da safe ya turo wani yaro ya ce in hwara nuna mashi littafi.

Malam Sani Gidan Igwai: Ai ya yarda ke nan. Alhazan garin nan ba sa cewa na yarda da baki.

Nasiru Mabera: Salamu alaikum, na dawo da bayani kamar yadda na yi alkawari. Jiya 30 ga wata munka ƙirga sito tun tara na safe har azahar, ni da ɗanai da sabon yaron. Katan biyu na tumatirin gwangwani da jarka ɗaya ta mai sunka yi ƙasa, gabana ya faɗi wallahi, sai na buɗe littafi baya na ga inda na rubuta an kai gidan Alhaji ranar jajibirin sallah, har da sunan mai kabu-kabun da ya ɗauka. Ya yi dariya ya ce Hajiya ce ta aiko. Da la'asar alat ya shigo, dubu 60 cif. Ni kuma da kaina na ce zan riƙa leƙowa Asabar biyu in ƙarasa koya ma yaron, ya ce Allah ya yi albarka. Na gode Anti Barista, na gode Baba, Malam na gode. Lawali ya naka?

Lawali Kwannawa: Na kai ƙorafi ofishin ƙwadago, sun ba ni takardar gayyata na kai gidan man, manaja ya karɓa yana ta zare ido. An sa mana rana sati mai zuwa.

Ɗan Gobir: Nasiru to gurbin naka fa, an cike? Ƙanena na zaune ba aiki

Nasiru Mabera: An cike, ɗan ƙanwar Alhaji ne. Jiya sau uku ina nuna mashi bambancin shafin kayan da sunka shigo da na waɗanda sunka fita, har yanzu a tsakiya yake rubutawa.